Wa Ya Ɗaure Bakin Mesar Gwangwan?

Kacici-kacici. Tana da baki, tana da haƙora. Ana kawo mata abinci har gaban hancinta. Ba ta da ciwo, ba ta tsufa ba, amma ta haura wata biyu ba abin da ya ratsa maƙogwaronta sai ruwa. Da aka rasa mai ba ta kuwa, sai ga ta a ƙoshe. Mece ce wannan, kuma wa ya ɗaure mata baki?

Rabin amsar kyauta zan ba ka, ba sai ka ba ni gari ba. Mesa ce. Sauran rabin kuwa sai ka biyo ni Gwangwan, cikin ƙaramar hukumar Rogo, mu bi sawu tare.

Ɗan yayana ne ya jawo mana ita. Saurayi ne da tun yana ƙarami ba a raba shi da dabba: tattabaru, zomaye, bushiya, har kunkuru ya taɓa ajiyewa a bayan ɗaki. Bayan an gama yankan dawa, wani gardi ya ratso garin ran kasuwa da buhunansa, ya zazzage wata 'yar mesa da ya ce daga kudu ya taho da ita. Tsawonta bai wuce kamu biyu ba. Yaron ya koma gida, ya kwashi tattabarunsa ya sayar, kafin la'asar mesa ta zama tasa.

Ba babbar mesar nan ba ce da ke haɗiye ɗan akuya a fadama. Ƙaramar ce, baƙa-baƙa mai zanen ruwan zinare da ciki fari, wadda ko ta gama girma ba ta cika wuce mita ɗaya da rabi ba. Ba ta da dafi. In ta tsorata ma ba ta faye kai sara ba, sai ta naɗe kamar gammo, ta cusa kanta a tsakiya, ta yi lamo. Wani masani ɗan Ingila, George Shaw, ya shigar da ita littattafan kimiyya a 1802, kuma yau masana na kiranta Python regius. Gidanta na asali daga Senegal ne har Sudan da Yuganda, da Najeriya a tsakiya. A garin Wida na Jamhuriyar Benin ɗaki guda aka gina mata ana girmama ta, a ƙasar Idemili ta Jihar Anambra ba a kashe ta, a Amurka da Turai kuwa tana cikin macizan da aka fi kiwo a cikin gida. Mu da tarihinmu da maciji ya faro daga takobin Bayajidda a bakin rijiyar Kusugu, ka san yadda gidan ya yamutse a ranar.

Tambayar farko da Yaya ya yi ita ce wadda ya kamata kowa ya yi: “Ka tabbata ba kasa ka ɗauko mana ba?” Maganar rai da mutuwa ce, domin kasa ma gajera ce mai kauri mai zane, kuma a ƙasar da kububuwa ke cika gadajen asibitin saran maciji na Kaltungo ba a wasa da irin wannan. Aka duba da kyau. Fatar kasa kaushi gare ta, kanta faffaɗa ne, in ka matso sai ta kumbura ta yi huci. Wannan kuwa santsi da sheƙi, wuya siriri, ga wasu 'yan ramuka jere a leɓenta na sama. Gardi bai yi ƙarya ba. Ka riƙe ramukan nan a ranka, za su dawo ba da shaida.

Yaya ya yarda bisa sharaɗi: ɗakin waje mai rufin kwano, kuma kullum a rufe. Yaron ya yi iyakar ƙoƙarinsa, wannan kam na shaide shi. Ya samo akwatin gilashi irin wanda masu sayar da waya ke jera kaya a ciki, ya wanke shi tas, ya ajiye a kan siminti gab da taga don ta sha iska. Ya shimfiɗa mata yashin rafi mai tsabta. Ya sa kwanon ruwa. Ya jawo ƙwan fitila daga batirin sola ya rataya a saman akwatin, yana ci dare da rana, wai don kada ta zauna cikin duhu. Yaran unguwa suka riƙa layi suna leƙe, suna ƙwanƙwasa gilashi don ta motsa.

Dubi ɗakin nan da kyau. Mai laifin yana ciki.

Aka kawo ɓera na farko, ta dube shi ta naɗe. Aka bari mako ya zagayo aka sake, ta naɗe. Hunturu ya shigo, hazo ya rufe gari, mesa dai ba ta buɗe baki ba. Nan ne ya kira ni a waya. “Baffa, ta ƙi ci. Ko sau ɗaya.”

Wanda aka fara tuhuma shi ne abincin, kuma kowa a garin ya zama gwani. Wani ya ce madara ake ba maciji. Aka zuba, ta yi tsami a kwano, domin maciji ba ya shan madara, cikinsa ma ba ya narkar da ita. Wani ya ce ƙwai. Wani ya ce kwaɗo. Aka kawo ƙadangare, aka kawo ɗan tsako. Abincinta na gaskiya a dawa ƙananan ɓeraye ne da 'ya'yan tsuntsaye, ka ga ɓera da ɗan tsako ba su kauce hanya ba, amma duk ta juya musu baya. Wani dare ma aka bar mata ɓera mai rai a ciki har safe, bisa shawarar cewa in yunwa ta ishe ta za ta kama. Da gari ya waye, ɓeran ne ya ci: ya gutsuri fatar bayanta ya bar mata tabo. Wannan kuskure yana kashe macizan kiwo da yawa, domin mesar da ba ta shirya farauta ba ba ta kare kanta. An canza abinci iri-iri, baki yana ɗaure. To, ba tuwon ba ne.

Sai majalisar ƙofar gida ta koma kan gardi. Biri kuwa ya yi kama da mutum. Wa bai taɓa jin ana cewa masu wasa da maciji na karya masa haƙora, wasu ma su ɗinke masa baki ba? In haka ne, an gama shari'a. Muka zauna gaban akwatin bayan sallar isha'i muna jira, har Allah ya sa ta yi hamma, irin doguwar hammar da maciji ke yi yana daidaita muƙamuƙi. Na haska. Ga haƙora nan reras, ƙanana, kowanne ya lanƙwasa ya dubi maƙogwaro. Dasashi lafiya lau. Ba kumburi, ba kumfa, ba majina, ba ta shaƙar numfashi da ƙara. Gardi ya fita, ya kuma fitar mana da ciwon baki da na huhu a tafiya ɗaya.

Inna dai tun ranar farko tana da nata hukuncin. “Kai maigida,” ta ce wa jikan nata, “abin da ba ya ci ba ya sha kuma bai mutu ba, ka ce mini maciji ne? Ka mai da mutanen ɓoye inda ka ɗauko su.” Ba a yi mata musu ba, aka tafi wajen malamin unguwa. Malam bai tsaya kan aljanu ba. Ya faɗa wa yaron gaskiya cewa malamai da yawa ba sa son a ajiye maciji a gida, sannan ya tuna masa da hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba. “Ɗana, duk ran da ka kulle, haƙƙinsa na wuyanka. Ko ta ci a hannunka, ko ka nema mata mafita.” Yaron ya dawo jikinsa a sanyaye. Yaya ya ɗora da nasa: in wata ya mutu ba ta ci ba, za ta bar masa gida.

Yanzu lokaci ma ya shiga cikin masu farautarmu.

Kwana kaɗan bayan haka aka tashe ni da sassafe. “Baffa, ta makance!” Na je na tarar idanunta biyu sun yi fari-fari, shuɗi-shuɗi, launin jikinta ya dushe. To, ga amsa ta zo da ƙafarta, ko? Makauniya ba ta ganin ɓera. Majalisa ta ce dama mun faɗa. Sai dai bayan 'yan kwanaki idanun suka washe tangaram, ba magani ba addu'a ta musamman. Bayan wasu 'yan kwanakin kuma ta fara goga hanci a gefen kwano, fata ta fara ɗagowa.

Saɓa ce. Maciji ba shi da fatar ido da zai rufe ya buɗe. Wani siririn ɓawo ne garai-garai ya lulluɓe ƙwayar idon, kuma shi ma da sauran fatar ake tuɓe shi. In saɓa ta gabato, wani ruwa kan shiga tsakanin tsohuwar fata da sabuwa don ya raba su, shi ne ke sa idon ya yi fari. A wannan tsakanin yawancin macizai ba sa cin abinci. Amma duk hidimar ba ta wuce mako ɗaya zuwa biyu, mu kuwa muna neman bayanin wata biyu. Saɓa ba ita ce mai laifi ba. Sai dai ta bar mana wata alama kafin ta tafi. Lafiyayyar mesa a wuri mai kyau takan tuɓe rigarta ɗungurungum, daga hanci har wutsiya, a juye. Tamu ta fito a yayyage, guntu-guntu, wani ya maƙale a wuya, wani ya ɗaure ƙarshen wutsiya. Me ya busar da ita haka?

Saura zato ɗaya, kuma shi ya fi kowanne ƙarfi, har ni ma na daɗe ina juya shi. Irin wannan mesa ta yi suna wajen ƙaurace wa abinci. Da rani, lokacin barbararsu, manya, musamman maza, sukan yi watanni ba su ci ba, kuma ba abin da ke samun su. Waɗanda aka kamo daga dawa sun fi kowa taurin kai a nan. Ashe ba sai mu ce al'adarta ce, mu je mu yi barci ba? Abu biyu suka hana. Na farko, mesar da ke hutun cin abinci jikinta a mulmule yake zama, tamu kuwa gadon bayanta ya fara tsini, fata ta fara tattarewa a gefe. Na biyu, dubi hancinta. Ya goge, ya yi ja. Mai hutu kwanciya take yi. Wannan kuwa, da zarar ƙafa ta ɗauke, sai ta miƙe tana bin gilashi, kusurwa zuwa kusurwa, tana tura murfi da ka har asuba.

Ba abinci take nema ba. Ƙofa take nema.

Ta kuwa samu.

Saura kwana uku wata ya mutu. Asuba. Yaron ya buɗe ɗaki. Akwati na nan. Fitila na ci. Kwanon ruwa na nan. Murfi ya goce da faɗin yatsa biyu.

Mesa babu.

Gida ya kaɗa. Inna ta tattara jikoki ta ɗora a kan gado. Aka ɗaga tabarmi. Aka zazzage buhuna. Aka leƙa takalma. Aka ƙirga 'yan tsaki a akurki, sun cika. Aka haska ƙarƙashin rumbu. Aka hau rufi. Aka leƙa rijiya. Rana ta faɗi. Babu.

Daren nan ba wanda ya kwana a ƙasa.

Washegari da hantsi na koma ɗakin ni kaɗai. Ƙafafun masu nema sun tattake tsakar ɗaki, ba abin karantawa a nan. Amma hunturu na da wata kyauta ga mai bincike: ƙura. Tana sauka ko'ina, kuma ba mai taka gindin bango. Na durƙusa. Hasken rana ya shigo a karkace. Ga shi nan: wani faffaɗan layi mai santsi, an ja shi a cikin ƙura, manne da bango.

“Kada wanda ya yi shara!”

Muka bi. Ta ƙarƙashin ƙofa. Ta gindin katanga. Ta rariya, zuwa cikin gida. Sawun ya iso akurki. Ya wuce. Ya iso rumbu, inda ɓeraye suka fi yawa. Ya wuce. Ya karya kwana. Ya shiga madafar Inna.

Nan ya ɓace.

Ga murhu a dama, tokar jiya da sauran ɗumi. Ga randa a hagu, zaune a kan jiƙaƙƙen yashi. Tsakaninsu bangon ƙasa. Yaron ya rungumi randar ya gusar da ita a hankali. A gindin bangon, rami. Ramin ɓera, bakinsa bai fi dunƙulen hannu ba.

Na haska.

Zanen zinare. A naɗe. Kai a waje, a kan jiki, harshe na fita yana komawa cikin natsuwa.

A tsakiyar cikinta kuwa, ƙullutu.

Ta ci.

To, mai karatu, ka gano? In ba ka gano ba, ba ni gari. Ba ni Ƙaraye, ka haɗa mini da madatsar ruwan Challawa, in kwance maka.

Bayan an lallaɓa an ciro ta, na zura hannu cikin ramin, kuma abin da tafin hannuna ya ji shi ne duk amsar. Ɗumi na ji, domin bangon ƙasa ya sha zafin murhu tun girkin dare, yana sakinsa a hankali har safe. Danshi na ji, domin randa na tsattsafo a gindinsa shekara da shekaru. Matsi na ji, hannuna na gogar ƙasa ta kowane gefe. Ga duhu. Ga shiru. Abu biyar ke nan, kuma in ka koma ɗakin waje ka dubi akwatin nan mai kyau, za ka tarar ba ko ɗaya a cikinsa. Akwatin ne ya ɗaure mata baki.

Mu ɗauke su a hankali, domin nan ne ilimin yake. Wannan mesa 'yar rami ce. A dawa takan wuni cikin ramukan ɓeraye da tsofaffin suri, ta shafe tsananin rani a can ƙarƙashin ƙasa inda zafi da laima ba sa hawa da sauka sosai, sai dare ya yi ta fito ko ta yi kwanto a bakin rami. Jikinta ba ya ƙera zafin kansa irin namu. Daga wurin da ta kwanta take aro, kuma da wannan zafin aron take narkar da abinci. Ɓeran da ta haɗiye ɗungum, da gashi da ƙashi, yana buƙatar kwanaki a cikin ɗumi kafin ya narke. In sanyi ya kama ta da shi a ciki, ruɓewa zai yi kafin ya narke, ta amayar ko ta mutu. Masu kiwonta sun daidaita kan cewa gefen ɗumi na mazauninta ya kasance wajen digiri 31 zuwa 33, gefen sanyi 25 zuwa 27. A ƙasar Kano kuwa daren Disamba da Janairu kan sauko wajen digiri 13. Ka ɗora wannan a kan siminti, ƙarƙashin kwano, gab da taga. Ƙin cin da ta yi, ranta ta tsare da shi.

Fitilar fa? Ai ita ce ta fi ba ni tausayi, domin don ƙauna aka rataya ta. Ƙwan sola na zamani haske kawai yake bayarwa, ba ya ɗumama komai. Mesar kuwa, ka tuna, ba ta da fatar ido. Wata biyu tana kwance a fili, haske a kanta, ba ta da ikon runtsawa. Dabbar da shaho da mikiya ke ɗauka in ta fito sarari, an ajiye ta a inda ake ganinta ta gefe huɗu, ba ko ɓawon da za ta sa kai. Ga yara na ƙwanƙwasa gilashi, ita kuwa ba ta da kunnen waje, ta ƙashin muƙamuƙi take jin girgizar duk abin da ya taɓa wurin kwanciyarta. Kuma lokacin haɗiya shi ne lokacin da maciji ya fi rauni: baki a cike, ba gudu, ba kariya. Wace mesa ce za ta yarda ta cika bakinta a tsakiyar kasuwa?

Yanzu a kira ramukan leɓe su ba da shaidarsu. Da su take jin ɗumin jikin ɓera a cikin baƙin duhu, ta auna inda yake, ta kai cafka ba tare da ta gan shi ba. Ita ba ta buƙatar fitila don ta ci. Duhun da aka yi ta kare ta daga gare shi, shi ne faifan cin abincinta.

Yagaggiyar saɓa kuwa aikin iskar hunturu ce. Tana son laimar iska ta kai kashi 55 zuwa 60 cikin ɗari, ta ma ɗara haka lokacin saɓa. A tsakiyar hunturu laimar kan faɗo ƙasa da kashi 20, abin da leɓunanmu da dugaduganmu suka sani ba sai an auna ba. Yashin da aka shimfiɗa mata ya ƙara tsotse ɗan abin da ya rage. Guntun fatar da ke ɗaure wutsiya in an bar shi yana iya tsinke jini har ƙarshen ya mutu, shi ya sa daga baya aka sa ta cikin jiƙaƙƙen tsumma mai ɗumi har ya saki da kansa. Ba a ɓanɓare shi da ƙarfi, balle na ido.

Muna cikin murna sai wata tambaya ta tsinka mini zuciya. “Inna, an sa maganin ɓera a madafar nan?” Tsohuwa ta yi shiru tana tunani. Shirun ya yi tsawo. “Tun da kyanwata ta mutu bara na hana a shigo da shi.” Sai a lokacin yaron ya saki numfashi. Ɓeran da ya ci guba, guba ne ga duk wanda ya ci shi. Kuma ko ba guba, ɓeran gida ba abin kamawa da hannu ba ne a ƙasar nan. Ɓeran nan mai nonuwa da yawa, wanda ke cikin abincin wannan mesa a dawa, shi ne ke ɗauke da zazzaɓin Lassa, cutar da aka fara ganowa a garin Lassa na Jihar Borno a 1969, kuma da rani ta fi tashi. Mai son kiwon mesa dole ya fara da kiwon fararen ɓeraye masu tsabta, ko ya san inda zai riƙa samunsu. Wannan kaɗai ya isa ya sa mutum ya sake tunani.

Gyaran bai ci kuɗin da akwatin gilashi ya ci ba. Kafinta ya haɗa akwatin katako mai 'yan hujojin iska da sakata mai ƙarfi, gaba ɗaya kawai aka bar wa gilashi, shi ma da labule. Aka kai shi ɗakin ƙasa, aka ɗaga shi daga daɓe. Aka kife tukwanen ƙasa biyu, aka fasa wa kowacce 'yar ƙofa aka goge kaifin, ɗaya a gefen ɗumi ɗaya a gefen sanyi, kowacce daidai jikinta, domin maɓoyar da ta yi yawa ba maɓoya ba ce a wurinta. Aka zubar da yashi aka shimfiɗa ɓawon kwakwa da ake ɗan yayyafa wa ruwa. Kwanon ruwa mai nauyi wanda ba za ta kifar ba. Tun da wutar lantarki ba abin dogaro ba ce, da dare ana jingina galan ɗin ruwan zafi naɗe da tsumma a jikin akwatin ta waje, gefe ɗaya kawai, da ma'aunin zafi a ciki ana dubawa. Ba a sa abu mai zafi inda za ta taɓa, domin maciji kan kwanta a kan abin da ke ƙona shi bai janye ba. Garwashi kuwa ko kusa, hayaƙinsa kisa ne a rufaffen ɗaki.

Sai abu mafi wuya ga saurayi mai ɗoki: a ƙyale ta. Ba ɗauka, ba nuna wa abokai, ba leƙe, har fiye da mako. Ranar gwaji, bayan isha'i, aka kashe fitila. Ya riƙo mataccen ɓera mai ɗumi da dogon awartaki, kaurinsa bai wuce kaurin tsakiyar jikinta ba. Ya kai shi bakin tukunya. Shiru. Harshe ya leƙo. Ya koma. Ya sake leƙowa. Kai ya fito. Wuya ya lanƙwashe.

Caraf!

“Baffa,” ya ce da raɗa, muryarsa na rawa, “ta karɓa.”

Tun daga ranar take ci duk mako ko kwana goma, a bar ta kwana biyu ba a taɓa ta ba, kuma saɓarta ta gaba ta fito ɗungurungum har da murafen ido biyu. Inna ba ta sauya ra'ayi a kan macizai ba, amma ta yarda wannan dai maciji ne.

Ni kuwa ra'ayina ban ɓoye wa yaron ba, ba zan ɓoye maka ba. Ban so a sayi mesa daga buhun gardi. Kowacce aka saya, gobe za a haƙa wani ramin a kamo wata. An fitar da miliyoyinsu daga Togo da Benin da Ghana zuwa kasuwannin ƙetare, har ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa ta a 2021 cikin jerin dabbobin da suka kusa shiga haɗari. Cinikinta tsakanin ƙasashe na ƙarƙashin yarjejeniyar CITES, Najeriya kuma na da dokar kare namun dawa tun 1985, wadda aka yi wa gyara a 2016, don haka a tuntuɓi ma'aikatan gandun daji kafin a ajiye. Sannan ba baƙuwar wata uku ba ce. Takan yi shekara 20 zuwa 30 a hannun mai kula, kuma a 2020 wata da aka ƙiyasta shekarunta 62 ta saka ƙwai a gidan zu na Sent Luwis a Amurka. Saurayin da ya ɗauke ta yau, da ita zai yi aure, da ita zai aurar. Jikinta kan ɗauki ƙwayar cutar Salmonela, saboda haka wanke hannu da sabulu wajibi ne bayan kowace taɓawa, kuma ba a ba ƙananan yara ita. Hunturu ma ba shi kaɗai ne abokin gaba ba: zafin Maris da Afrilu, da kan haura digiri 40, yana iya kashe ta cikin yini ɗaya a ɗakin kwano.

In duk ka ji wannan kuma ranka bai sauka ba, to ka fara sayen ma'aunin zafi da tukwane biyu. Ka haɗa mazaunin, ka bar shi wayam na mako biyu kana auna shi da tsakar rana da asuba. Sai lambobin sun zauna daidai sannan ka je neman mesa.